Gaisuwar Safen da Aka Hana Kawu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu. Yayan mahaifiyata ne, wanda Boɗinga da Shagari suka sani da mai waya. An kai shi makwancinsa ranar Talata bayan azahar, kafin la'asar tabarmin ƙofar gida sun cika har sai da aka aro na masallaci.

Kowa da irin nasa kukan. Inna, wato mahaifiyata, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Zama ta yi da wayarta ta hannu a cinya tana shafa ta, duk wanda ya ce mata ya haƙuri sai ta ce, "To yanzu wa za shi tashe ni?" Jikoki sun taru a gindin dalbejiya suna tuna yadda yake damun su da kira tun gari bai gama wayewa ba, su yi dariya, dariyar ta juye kuka. Manoman albasa sun zo daga Lambara mota guda, wasu dattawa daga Dandin Mahe sun zo a kan babura. Akwai kuma wani tsoho mai sanda da farin tabarau da ya sauka daga motar haya ya zauna can gefen tabarma, ba wanda ya san shi. Ku riƙe shi a ranku, zan dawo kansa.

Ina cikin gida ina zuba wa baƙi kunu sai na ji wata maƙwabciya, tsohuwa fa ba yarinya ba, tana ce wa ta kusa da ita, "Allah shi jiƙan mai waya. Mutumin kirki na, sai dai sakacin nan guda da yac ci mai ɗiya. Allah shi yahe mai."

Ludayi ya kuɓuce mini cikin ƙwarya. A gidansa! A kan tabarmarsa, da kununsa a hannunta, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba! Kuma na san ba ita kaɗai ba ce. Haka garin nan ya yi ta faɗa a ƙasa-ƙasa tun ina da ƙuruciyata har na yi furfura, wai mai waya ya yi sakaci waya ta mutu, har 'yar cikinsa ta rasu a hanya don an rasa yadda za a kira mota. Wallahi ƙarya ne, kuma ni ce shaida, domin ni ce a ɗaya bakin wayar. Yana raye ya hana ni magana. Yanzu ba ya nan, ba mai hana ni.

Zamanin farar hula na biyu ne, lokacin da kowane ɗan siyasa ke alkawarin abin da bai san yadda ake yin sa ba. Aka ce za a kawo tarho yankinmu. Aka gina ɗan ɗaki a Boɗinga, aka sa injin haɗa waya a ciki, aka kafa turaku aka ja layuka zuwa Shagari, zuwa gidajen hakimai da 'yan kwangila da ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Kawu aka ba ɗakin. Ba ɗan koyo ba ne, ya yi karatun aikin sosai, aji ɗaya da mutumin da ya zama babban injiniya a Sakkwato, wato shugabansa. Kwano ɗaya suka ci a makaranta, in ji shi. Ni kuwa na gama koyon unguwarzoma ke nan, aka tura ni wani ƙauye bayan Kajiji, inda layi mafi tsawo ya ƙare.

Wata rana na zo hutu na kai masa fura ɗakin injin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba.

"Uwata, shigo ki ga dodon," in ji shi.

Wani dogon akwatin ƙarfe ne, sai ƙugi yake yi, da allo mai ƙananan fitilu a gabansa. Ya ce irin allon nan akwai shi a babban ofis a Sakkwato, duk abin da na nan ya nuna shi na can zai nuna. Kore lafiya, ja matsala.

"Amma abu kaɗan shika iya hwaɗi," ya ce. "In wuta ta ɗauke, shina hwaɗi. In zahi ya yi mai yawa, shina hwaɗi. In babban layin Sakkwato ya tsinke, shina hwaɗi. Nan iliminshi yat tsaya."

Ya buɗe wani murfi ya nuna mini wani gurbi da babu komai a ciki sai ƙura.

"Kin ga giɓin ga? Nan ya kamata a sa abin da ka auna ƙananan layukka irin naku na ƙauye. Ba a saye shi ba. Abin haushin, hitilar layukkan tana nan bisa allo, kuma tunda babu mai kai mata ƙara, kullum kore take. Ko ɓarawo ya naɗe wayar dut ya kai kasuwa, ba ta sake launi."

Na ce, "Ashe maƙaryaci na, Kawu."

"A'a, ba shi ƙarya. Bai iya cewa ban sani ba, shi kenan ciwonshi. Mai gadi na da anka ɗaure zaure. Tambaye shi labarin zaure shi ba ki. Tambaye shi labarin gona shi ce lahiya lau, don bai ji kuwwa ba."

Kada wani ya ce Sakkwato ba su san da giɓin nan ba. Sun sani sarai. Babban injiniya da hannunsa ya leƙa gurbin ranar da aka kunna injin, ya ce abin yana hanya, jirgin ruwa ne bai iso ba. Ɗan ma'aunin hannu da Kawu ke da shi ma suka karɓa wai za a gyara, bai sake ganin sa ba. Jirgin nan har yau bai iso ba.

To da yake injin ba ya iya tambayar layuka, sai Kawu ya mai da tambayar aikinsa. Kowace safiya in ya fito masallaci ya wuce ɗakin injin, ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya yana bugawa. Bai taɓa cewa halo ba, sai dai salamu alaikum, an kwan lahiya? Wanda ya amsa, layinsa na da rai. Wanda bai amsa ba, Kawu ya ɗaura igiya da filaya a bayan babur ya bi turaku har sai ya ga inda ta tsinke. Maganarsa ke nan da duk zuri'armu ta haddace: wanda bai amsa ba, shi aka zuwa wa.

Sai dai ku da kanku kun san mutanenmu da gaisuwa. Ba yadda za a yi Basakkwace ya buga wa hakimi waya, ya ji muryarsa, ya kife kan tarho kamar wanda ya taka wuta. Sai ya ce ranka shi daɗe, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi ko ruwa, ya tambayi jama'a da bisashe, shi ma hakimi ya mayar masa da duka. Kuma Kawu ba ya karɓar lafiya lau ɗin da aka jefo da sauri. Sai ya ce, "Ta baki ko ta jiki?" Ta haka ya san wa ke tari, wa matarsa ta kusa, wane gari rijiya ta rufta. Ƙauyawan da ba su da tarho sukan tsaya bakin ɗakin shan magani da safe su ba da saƙo, shi kuma in ya tashi aiki ya bi gida-gida a Boɗinga yana isarwa, ko ruwa ba ya tsayawa sha. Mutum nawa suka ji haihuwar jikansu daga bakinsa? Yau su ne masu cewa sakaci.

Namu tarhon a cikin akwatin katako yake da kwaɗo, makulli a hannun malamin asibiti. Saboda kiran Kawu ne ake buɗe shi kowace safiya. Ni ke ɗauka. In mun gama gaisawa sai ya ce, "Ina taubashiyarki?" Babbar 'yarsa yake nufi, wadda aka aurar a ƙauyen nan, gidan mijinta na kallon ɗakin shan magani. Ita kuwa ba ta da aiki sai tsokana ta. Ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, kak ka biye ma wagga, allurar ruwa taka yi ma mutane." In ce mata ranar da ta zo hannuna za ta san ruwa. Ya yi ta dariya har wayar na rawa a kunnena.

Abin da ya ɓata lamarin, wani ɗan kwangila ne, jigo a jam'iyyar da ke ci. Wata safiya wani babba ya neme shi daga Ikko, wato Legas, aka tarar layinsa a cike, Kawu na tambayar sa lafiyar dawakinsa. Kiran ya wuce shi. Sai ya tashi da hayaƙi ya tafi Sakkwato, ya ce mai wayar Boɗinga ɗan leƙen asirin 'yan adawa ne, kullum da sassafe sai ya bincika wa ke gida wa ya yi tafiya. Kun ji fa. Mutumin da ko tutar jam'iyya bai iya bambancewa ba.

Babban injiniya ya zo da kansa. Bai rubuta komai ba, wayonsa ke nan. Ya tsaya a ɗakin injin su biyu kawai ya ce daga yau ba gaisuwa, ba buga wa kowa, in ba haka ba shi da Kawu duka aikinsu zai tafi. Kawu ya nuna masa giɓin. Ya ce ya gani, amma allo na nuna kore, shi kuma kore aka ce ya duba.

Washegari tarho ya yi ƙara kamar kullum, na ɗauka.

"Uwata, an kwan lahiya?"

"Lahiya lau, Kawu."

Bai ce ta baki ko ta jiki ba. Sai ya ce, "Wanga shi na na ƙarshe. An hana ni. Shugaba ya zo da kainai, ya ce in bari." Ya gaya mini yadda suka yi, kalma da kalma. Na ce to ya ƙi mana. Ya ce, "Na gaba ya yi magana, Uwata. Zan riƙa biyo turakku da babur. Ki gaishe min da taubashiyarki, ki ce ta rage ɗaukar ruwa."

Ya yi nufin cika alkawari, amma lokacin ne aka shiga tsuke bakin aljihu. Sabulu ya ɓace a kasuwa, madara ta ɓace, man da ake ba shi na babur aka yanke. Na kusa yake iya bi, na Shagari da Lambara, wani lokaci da ƙafa. Namu layin ya yi nisa, ga damina ta zauna, fadamu sun cika. A wajenmu kuwa, da kiran safe ya tsaya, makulli ya koma aljihun malamin asibiti, aka ce kada a taɓa tarho sai da larura. Akwatin ya yi shiru. Mu muna cewa shirun hani ne. Ta ina za mu san ya zama shirun tsinkewa?

Ranar kasuwar Kajiji ce, malamin asibiti ya tafi da makullinsa. Taubashiyata ta fara naƙuda da safe, ta haihu da hantsi, namiji, lafiyayye. Har ta samu bakin tsokana, ta ce, "To mai allurar ruwa, kin gani ban sha wuya hannunki ba." Sai jini ya ɓalle. Na yi duk abin da aka koya mini, na ga wannan ya fi ƙarfina, sai babban asibiti. Akwai motar ɗaukar marasa lafiya a Boɗinga, da mai a cikinta, da direba a zaune. Kira ɗaya kawai take jira.

Na ruga na ari taɓarya a gidan maƙwabta na fasa kwaɗon. Na ɗaga kan tarho na kara a kunne. Ba komai. Ko ɗan ƙugin nan babu. Na buga, na jijjiga, na yi ta kiran Kawu, Kawu, kamar mahaukaciya, a cikin abin da ba shi da maraba da dutsen guga.

A keken shanu muka sa ta. Rana tsaka, ga taɓo, shanu na tafiya yadda suka ga dama, kanta a cinyata. Tun tana riƙe da hannuna da ƙarfi har riƙon ya yi sako-sako. Muna hango titi ta cika.

Bayan sadakar uku Kawu ya ɗauki igiyarsa ya bi turakun nan da ƙafa, bai gaya wa kowa ba. A wata fadama ya tarar reshen bagaruwa ya faɗo ya tsinka wayar. Bakin ƙarfen har ya yi tsatsa, yaɗo ya hau ya nannaɗe shi. Ba jiya ta tsinke ba, ba shekaranjiya ba. Ya ɗaura ta, ya dawo Boɗinga ya shiga ɗakin injin. Ya ce mini fitilar nan kore ya tarar da ita, kamar yadda ya bar ta, kamar yadda take a Sakkwato duk tsawon kwanakin.

Ba a daɗe ba soja suka karɓi mulki, aka shiga kakkaɓe ma'aikata. Aka kafa kwamiti, maganar ƙauyenmu ta taso. Babban injiniya ya tsaya gaban mutane ya ce allonsu bai taɓa nuna matsala ba, kula da layuka kuwa aikin mutumin Boɗinga ne, kuma shi bai san da wani hani ba. Bai san da shi ba! Aka juya ga Kawu aka ce yana da magana? Ya ce babu. Aka sallame shi da sunan sakaci, kalmar ta fito daga ofis ta shiga kasuwa, ta shiga gidajen biki, ta zauna.

A nan ne muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na same shi a zaure yana gyara wa wani rediyo, sana'ar da ya koma ke nan. Ban ko gaishe shi ba.

"Kawu, mi ya hana ka hwaɗi? Ni zan tahi Sakkwato in hwaɗa masu da bakina, ai ka gaya min ranar!"

"Ba ki zuwa."

"Sai na tahi! Sun kashe ta, sun kore ka, sun kuma liƙa maka!"

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

"Uwata, in nic ce masu an hana ni, mi za su ce? Za su ce, kai da kas san giɓin nan, kai da kas san ɗiyarka na da ciki bakin layin, don mi ka hanu? Wagga tambaya ita nika kwana da ita, ita nika tashi da ita. Ba ni da amsarta. In kina son albarkata, ki bar maganar ga."

Na bar ta, amma na yi wata da watanni ban taka gidansa ba. Haushinsa nake ji, har yau ma ina ji. Wanda ya ba da umarni yana can yana shan iskar fanka, wanda ya bi umarni ya ɗauki kayan duka ya aza a kansa, wai shi mai kunya. Wannan wace irin kunya ce? Shi ya gaji ya zo ya same ni, da ƙullin goro da jaririn nan a kafaɗa, domin shi ya karɓe shi ya raine shi. Ya ce, "Tunda ba ki amsa ba, ga ni na zo."

Tarhon gwamnati ya mutu murus daga baya, aka sace wayoyin, ɗakin injin ya zama wurin kwanan awaki. Shekaru suka tafi. Da wayar hannu ta shigo, Kawu na cikin na farko da suka saya a unguwarsu, kuma tun ranar ya koma bakin aikinsa. Ya fito masallaci, ya shiga zaure ya tura ƙyaure, ya fara bugawa. Inna farko, sannan ni, sannan 'ya'ya da jikoki har na Legas. In ba ka ɗauka ba ya sake, in ka kuma ƙi, to kafin hantsi za ka ga ɗan acaɓa a ƙofarka an aiko a duba ka. Yara su ce Kaka ya cika naci, ai ana ganin koren ɗigon da ke nuna mutum yana kan layi an san lafiyarsa lau. Ya ce, "Wanga koren ɗigon naku, na san kakanshi."

Ranar Talatar nan ina gidana a Shagari na idar da salla na zauna da waya a hannu. Ba ta yi ƙara ba. Gari ya waye, ba ta yi ba. Na buga, tana shiga ba a ɗauka. 'Yata ta ce, "Mama, ga sabis nan cike, ƙila barci ya ɗauke shi." Ban tsaya ba ta amsa ba, na ja mayafi na fita titi. Da na isa Boɗinga na shiga ta ƙofar baya, matarsa na tsakar gida tana dama koko, ta ce ai yana zaure yana kiran mutanensa, ba a shiga masa. Na tura ƙyauren. Yana zaune ya jingina da bango, hularsa a gwiwa, wayar na gefe a kan buzu. Ya riga ya yi sanyi.

To, tsohon nan mai farin tabarau. Bayan la'asar, maganar maƙwabciya na ci na a rai, sai aka ce wani baƙo na son ya yi wa mata gaisuwa daga bakin zaure. Na fita a madadin Inna. Ya tsufa, ya rame, amma yana faɗin sunansa na gane shi. Babban injiniya ne.

Na ce, "Wa ya hwaɗa maka?"

Ya ce, "Ba kowa, Hajiya. Wayata ta ba ta yi ƙara ba yau da sahe."

Na kasa gane abin da yake nufi sai da ya ƙara. Wai tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse ƙasashen waje, Kawu ya nemo lambarsa. Kowace safiya sai ya kira shi. Bai taɓa ɗaga masa tsohuwar magana ba ko sau ɗaya, sai dai an kwan lahiya, ta baki ko ta jiki. Wata rana da ya faɗi a banɗaki bai ɗauka ba, Kawu ne ya sa aka je aka ɓalle ƙofa.

Jama'a, ku ji fa. Mutumin da ya hana a gaishe mu, shi aka yi shekaru ana gaisarwa! Shi an ɓalle masa ƙofa an same shi da rai, tawa taubashiyar kuwa a keken shanu.

Na ce, "Alhaji, gaisuwarka ba ta da amfani gare mu. Ga maza can bisa tabarmi, ga mata nan cikin gida, dut sun san shi da sakaci. Kai kaɗai ka rage da kas san gaskiya. In ka zo ta'aziyya na, tahi ka hwaɗa masu."

Sai ya juya, yana dogara sanda, ya koma wajen maza. Na tsaya a bayan ƙyaure. Da liman ya shafa fatiha sai tsohon ya nemi izini ya miƙe, ya fara magana can cikin maƙogwaro, ko na kusa da shi sai sun karkato.

Ban san sanda na ɗaga murya ba. "Ba mu ji ba!"

Maza duk suka waiwayo. Mace, a zaman makoki, tana yi wa maza tsawa daga zaure. Wani ya fara cewa subhanallahi, sai na ji Inna a bayana, ita da ba ta tashi daga tabarma ba tun safe, ta ce, "Ku bar ta. Ni ma ban ji ba."

Sai ya faɗa da ƙarfi. Ya ce injin ba ya iya ganin layukan ƙauye kuma ya sani. Ya ce marigayi ya samo hanyar duba su, shi ya zo da ƙafarsa ya hana, don tsoron wani mai kuɗi. Ya ce ya yi ƙarya gaban kwamiti. Ya ce marigayi bai yi sakaci ba, ko na rana ɗaya. Muryarsa ta shiga har tsakar gida. Ɗan taubashiyata, wanda aka haifa a ranar, yanzu magidanci ne da 'ya'yansa, ya kife kai a gwiwa yana kuka kamar yaro. Na waiwaya na nemi maƙwabciyar nan da ido, ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

Kada ku ce na huce. Gaskiyar da aka faɗa bayan an rufe mutum da ƙasa, shi ina ya ji ta? Amma ta fita, kuma na rubuta ta a nan don kada ta sake komawa ciki. Duk wanda ya ƙara haɗa sunan Kawu da sakaci, ni da shi ne.

Bayan sadakar bakwai matarsa ta miƙo mini wayarsa ta ce ni ta fi dacewa da ita. Yanzu ni ke tashin Inna. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya yadda yake yi, jikoki har sun fara cewa na cika naci. Lambar tsohon nan na ciki, a ƙarshe. Na yi kwanaki ina zuwa kanta ina tsallakewa, ina cewa ya ji yadda shiru yake.

Shekaranjiya na danna. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta katse, na sake. Ina cikin saurare sai na ga ɗaya hannuna ya riga ya jawo mayafi, ƙafata na laluben takalmi, ina tunanin motar Sakkwato ta farko. Sai aka ɗauka.

Na ce, "Salamu alaikum. An kwan lahiya?"

Ya ce, "Lahiya lau, Hajiya."

Ban yafe masa ba, Allah ya sani, kuma ban ce zan yafe ba. Na ce, "Ta baki ko ta jiki?"

Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da ɗiyarsa a inda ba a tsinkewa. Ya kira mu duk safiya muna amsawa da ƙyar. Allah ya sa da aka kira shi ya amsa da sauƙi.